Babu Dokar Kashi Goma: Amsa Kan Ɗora Babin Littafi a Shafin Kwas

Tambaya: Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata jami'a, kuma kwanan nan aka ɗora mini nauyin sashen da ke ajiye wa ɗalibai kayan karatun kwasa-kwasai a intanet. Malamai na kawo mini littattafai su ce in yi sikanin in ɗora a shafin kwas. Wani abokin aikina ya ce doka ta yarda da kashi goma cikin ɗari na kowane littafi, ko babi ɗaya, muddin don karatu ne. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, da me zan riƙa aunawa?

Amsa: Malama, abokin aikin naki bai ƙirƙiri maganar ba, ya tsinto ta ne a hanya, sai dai ya ɗauki rabi ya bar rabi. Wannan adadi na kashi goma ko babi ɗaya ya fi shahara ta hanyoyi biyu. Ta farko hukuncin wata kotun tarayya ce a Amurka a shekarar 2012, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan ɓangare nasa bayan shekara biyu. Ta biyu kuma sharaɗi ne a cikin lasisin da jami'o'in Birtaniya ke biyan kuɗinsa. A cikinsu babu wanda ya zama doka a Najeriya, kuma ko a Amurkar ma yau babu alƙalin da zai wanke ki don kawai kin ƙirga shafuka kin ga ba su kai kashi goma ba. Tunda aikin ya zo hannunki, gara ki san yadda aka yi aka zo nan, domin ma'aunin da kike nema a cikin labarin yake.

Lokacin da na fara aikin laburare, abin da ake kira ajiyar kwas kanta ce guda a bayan teburin ma'aikaci. Malami zai kawo sunayen littattafai a farkon zangon karatu, mu ciro su daga cikin sauran, ɗalibi ya ajiye katinsa na shaida ya karɓi littafi na awa biyu, ya zauna inda muke hango shi, ya dawo da shi. Kafin jarrabawa ta zo, idan kika dubi littafin ta gefe za ki ga wani siririn layi baƙi a tsakiyar fararen shafuka, wato babin da malamin ya ce a karanta, wanda yatsun ɗalibai ɗari biyu suka bi ta kansa. Duk wannan zirga-zirga ba ta taɓa haƙƙin mallakar kowa ba, saboda kwafi ɗaya jami'a ta saya, kuma shi ɗin ne yake yawo daga hannu zuwa hannu. Ranar da aka kifa littafin a kan na'urar sikanin, lissafi ya canza. Sikanin kansa kwafi ne, ɗora shi a rumbun kwamfutar jami'a wani kwafin ne, kuma duk ɗalibin da ya sauke shi a wayarsa ya samar da wani, wanda ba zai dawo da shi bayan awa biyu ba. Yin kwafi da isar da aiki ga jama'a ta intanet suna cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai haƙƙi, saboda haka in dai littafin yana ƙarƙashin kariya, duk lokacin da kika ɗora babi, ko dai kina da izini, ko kuma kina fakewa ne a inuwar wani rangwame da dokar ta yi.

Rangwamen da aka fi jayayya a kansa shi ne wanda Amurkawa ke kira amfani bisa adalci, yana cikin sashe na 107 na dokarsu ta haƙƙin mallaka ta 1976. Sashen ya ambaci koyarwa, har da kwafi da yawa don amfanin aji, a cikin dalilan da za a iya yi wa uzuri, amma bai tsaya nan ba, ya ce a auna abubuwa huɗu: manufar amfanin da yanayinsa, wato ko na kasuwanci ne ko na ilimi marar neman riba; irin aikin da aka kwafa; yawan abin da aka ɗiba da kuma muhimmancinsa idan aka kwatanta da aikin gaba ɗaya; sai tasirin amfanin a kan kasuwar aikin ko darajarsa. Ki lura cewa babu lamba ko ɗaya a cikin sashen. An taɓa yin wata yarjejeniya a wannan shekara ta 1976 tsakanin wakilan marubuta da mawallafa da malamai, wadda ta kawo lambobi kamar kalma 1,000 ko kashi goma na rubutun zube, duk wanda ya fi ƙanƙanta, amma ita wannan jagora ce ta mafi ƙarancin abin da ba za a yi gardama a kansa ba, ba ta taɓa zama doka ba.

Kafin zuwan intanet, rigimar a shagunan fotokwafi take. A 1991 wata kotu a New York ta samu kamfanin Kinko's da laifin harhaɗa babi-babi daga littattafai daban-daban yana sayar wa ɗalibai ba tare da izini ba, ta ci shi tarar dala 510,000. A 1996 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yanke irin wannan hukunci a kan wani shagon da ke yi wa ɗaliban Jami'ar Michigan aiki. A shari'un biyu abin da ya kayar da masu shagunan shi ne riba suke nema, kuma akwai hanyar biyan kuɗin izini da suka ƙi bi. Tambayar da ta rage ita ce: idan jami'ar ce da kanta ta yi kwafin, ba ta karɓi ko kwabo ba, kuma ta kulle shi da kalmar sirri, shin hukuncin zai zama ɗaya?

Wannan tambaya ce ta haifi shari'ar Jami'ar Jihar Jojiya da ke birnin Atlanta, wadda duk mai aiki irin naki ya kamata ya san ta kamar yadda ya san sunansa. A watan Afrilun 2008 maɗaba'ar Jami'ar Cambridge da ta Jami'ar Oxford da kamfanin Sage suka kai shugabannin jami'ar ƙara, suna zargin cewa malamai na ɗora ɓangarorin littattafansu a ajiyar kwas ta intanet ba tare da biyan kuɗin izini ba. Ƙungiyar mawallafan Amurka da cibiyar da ke karɓar kuɗin izinin kwafi a ƙasar su ne suka ɗauki nauyin ƙarar, abin da ya nuna cewa ba jami'a ɗaya ake hari ba, ana so ne a kafa misali ga kowa. Da yake jami'ar ta gwamnatin jiha ce, ba su nemi diyya ba, umarnin hani suka nema. A 2009, ana tsakiyar shari'a, jami'ar ta sauya tsarinta, ta kawo wata takarda da malami zai cike yana duba abubuwan nan huɗu kafin a ɗora masa komai, kuma a kan abin da aka ɗora ƙarƙashin sabon tsarin ne aka ci gaba da shari'ar.

A watan Mayun 2012 Mai shari'a Orinda Evans ta fitar da hukunci mai shafi kusan 350, inda ta bi ɓangarorin da ake ƙara a kansu ɗaya bayan ɗaya, sama da saba'in, ta samu biyar kacal da suka keta haƙƙi. A nan ne ta kafa ma'aunin da abokin aikinki ya ji: idan littafi bai kai babi goma ba, kashi goma na shafukansa, idan kuma ya kai ko ya wuce, babi ɗaya. Ma'aikatan laburare a ko'ina suka yi murna, domin lamba tana da daɗin aiki, ba ta buƙatar tunani. Murnar ba ta daɗe ba. A watan Oktoban 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shari'ar baya, ta ce ba daidai ba ne a kafa adadi ɗaya ga kowane littafi, dole a dubi kowane ɓangare da yanayinsa, kuma ba daidai ba ne a ƙirga abubuwan huɗu kamar ƙuri'a, a ce uku sun rinjayi ɗaya. Ta amince cewa manufar koyarwa a jami'a marar neman riba tana goyon bayan jami'ar, ta kuma ƙi ɗaukar hukuncin shagunan fotokwafi a matsayin abin da ya rufe magana. Amma ta ƙara da wani abu mai nauyi: tunda kwafin bai sauya wa littafin kama ko manufa ba, an rubuta shi ne don a karanta kuma karanta shi ɗin ake yi, to haɗarin ya maye gurbin sayen littafin yana da girma, don haka abu na huɗu, wato kasuwa, shi ya kamata ya fi nauyi.

Shari'ar ta sake komawa gaban alƙaliyar, a 2016 ta samu huɗu da suka keta haƙƙi cikin ɓangarori 48 da suka rage a shari'ar, a 2018 kotun sama ta sake mayar mata, a 2020 ta samu goma cikin 48, sannan mawallafan suka haƙura. Shekara goma sha biyu ke nan. Kowane ɓangare na iya cewa shi ya yi nasara, amma a ganina abin da ya fito fili shi ne akasarin gajerun ɓangarorin da aka ɗora wa ɗaliban da suka yi rajistar kwas kaɗai sun tsira, waɗanda suka faɗi kuwa galibi su ne inda aka ɗebi babi da yawa daga littafi ɗaya, alhali mawallafin yana da lasisin sayar da irin wannan ɓangare ta intanet kuma yana samun kuɗin shiga na gaske daga gare shi. Wannan batu na samuwar lasisi shi ne zuciyar shari'ar. Idan mawallafi bai tanadi hanyar da jami'a za ta saya babi ɗaya cikin sauƙi da farashi mai ma'ana ba, zai yi masa wuya ya ce an ɓata masa kasuwar da shi kansa bai buɗe ba. Idan kuwa ya tanada, jami'a ta tsallake, to nauyin ya koma kanta.

Akwai kuma abin da ƙirgar shafi ba ta gani. Littafi na iya zama shafi 400 amma hujjar marubucin gaba ɗaya tana cikin shafi ashirin na gabatarwa, saura misalai ne. Wanda ya kwafi waɗannan ashirin ya ɗauki kashi biyar ne a lissafi, amma a zahiri ya kwashe romon ya bar ƙashi. Haka nan kundin waƙoƙi ko na gajerun labarai, inda waƙa ɗaya mai shafi uku cikakken aiki ce da kanta. Ga kuma littafin da aka wallafa musamman don ɗalibai, mai tambayoyi a ƙarshen kowane babi, wanda ba shi da wata kasuwa sai ajin nan da kike ɗora wa. Kwafar babi ɗaya daga irinsa ya fi kwafar babi ɗaya daga littafin bincike illa nesa ba kusa ba.

Batun Birtaniya gajere ne. Jami'o'insu na biyan hukumar lasisin haƙƙin mallaka ta ƙasar kuɗi, ita kuma ta ba su damar kwafar babi ɗaya ko kashi goma na littattafan da lasisin ya ƙunsa, sannan a raba kuɗin ga marubuta da mawallafa. Wato can kashi goman sayensa aka yi. Wanda ya ɗauko adadin ya bar biyan kuɗin, ya ci tuwon da ba da shi aka tuƙa ba.

Ba duk kotuna ne suka bi layin Amurka ba, kuma misalin Indiya ya fi kusa da halin da muke ciki. A 2012 Oxford da Cambridge da kamfanin Taylor & Francis suka kai ƙarar wani ƙaramin shagon fotokwafi mai suna Rameshwari da ke harabar Jami'ar Delhi, tare da jami'ar kanta. A watan Satumban 2016 babbar kotun Delhi ta kori ƙarar, bisa wani sashe na dokar Indiya da ya halatta kwafin da malami ko ɗalibi ya yi a cikin aikin koyarwa. A ɗaukaka ƙara aka ce ma'aunin shi ne ko abin da aka kwafa ya dace da buƙatar kwas ɗin, ba yawan shafi ba, kuma a watan Maris na 2017 mawallafan suka janye. Na kawo wannan ne don ki ga cewa kowace ƙasa da lafazin dokarta ake yi mata hukunci, kuma shagon da jami'ar sun yi nasara ne da wani sashe da ke cikin dokar Indiya.

Inda na ga ya kamata ki ja layi ba tare da shakka ba shi ne sikanin littafi sukutum. Akwai masu cewa idan laburare yana da kwafi ɗaya na takarda, zai iya kulle shi a ɗaki ya riƙa ba da aron hotonsa ga mutum ɗaya a lokaci guda. Hujjar tana da ma'ana a hankalce, kuma ni kaina na so a ce ta tsaya, amma da aka gwada ta a ƙarar da kamfanin Hachette da wasu manyan mawallafa uku suka kai Internet Archive, wani laburaren intanet da ke ba da irin wannan aro, a 2020, kotu ta ƙi amincewa a watan Maris na 2023, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hakan a watan Satumban 2024. Idan wanda ya taƙaita aro ga mutum ɗaya bai tsira ba, ina ga wanda ya buɗe wa aji gaba ɗaya.

Yanzu mu dawo gida, domin da dokar Najeriya za a yi miki hukunci idan ta kai ga haka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Tsohuwar ta bi tsarin Ingila ne, inda ake jero wasu dalilai ƙayyadaddu, abin da bai shiga cikinsu ba kuma ba shi da uzuri. Sabuwar, a sashe na 20, ta kawo dalilan a matsayin misalai, kamar amfanin kai, da bincike marar neman riba, da nazari, da sharhi, sannan ta ɗauko abubuwan nan huɗu na Amurka kusan kalma da kalma ta ce da su za a auna. Ma'anar wannan ita ce hukuncin Jojiya bai ɗaure alƙalin Najeriya ba, amma lauyoyin ɓangarorin biyu za su ɗauko shi su kafa hujja, tunda ma'aunin iri ɗaya ne. Dokar tana da wasu sassa na daban kan koyarwa da jarrabawa, da kan kwafin da makarantu ke yi, wanda aka sa wa iyaka, da kan laburare da gidajen adana tarihi, da kuma kan mayar da littafi zuwa sigar da makafi da masu raunin gani za su iya amfani da ita, bisa yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da Najeriya ta amince da ita a 2017. Ki nemi sashen shari'a na jami'arku su zauna da ku a karanta waɗannan sassa tare, a fitar da rubutacciyar manufa da majalisar jami'a za ta amince da ita, domin bai kamata nauyin irin wannan hukunci ya rataya a wuyan ma'aikaciya ɗaya ba. Akwai kuma ƙungiyar REPRONIG, wadda aikinta shi ne ba da lasisin kwafi a madadin marubuta da mawallafa, kuma ki tuna abin da na faɗa kan samuwar lasisi: tambaya ta farko da ya kamata ki yi wa shugaban laburarenku ita ce ko jami'ar tana da yarjejeniya da su, da kuma ko ta haɗa da kwafin intanet.

Akwai abin da nake so ki riƙe wanda ba a cika faɗa ba. Idan ana wannan muhawara, hoton da ke zuwa zuciyar mutane shi ne ɗalibi talaka a gefe guda, katafaren kamfanin Turai a ɗaya gefen, kuma ba na musun cewa farashin littattafan waje, bayan faɗuwar darajar naira, ya fi ƙarfin ɗalibi da malaminsa baki ɗaya. Amma sikanin babi ɗaya a jami'arku ba zai girgiza Oxford ba. Wanda zai ji jiki shi ne marubucin gida da ya tara kuɗinsa ya buga wasan kwaikwayo ko kundin waƙoƙi kwafi dubu a Kano ko Zariya, yana fatan wata rana a sa shi a manhaja. Na taɓa ganin haka da idona: wani marubuci ya zo laburarenmu yana murna an sa littafinsa a kwas ɗin adabi mai ɗalibai sama da ɗari uku, ya ajiye kwali biyu a kantin littattafai na jami'a, da zangon karatu ya ƙare ya dawo ya tarar an sayi ƙasa da goma. Wani ɗalibi ne ya nuna masa littafin nasa a waya, cikakke, har da hatimin laburarenmu a shafin farko, yana yawo a zauren WhatsApp na ajin. Ba mu muka yi sikanin ba, amma kunyar ranar a kanmu ta sauka. Littafin adabi na gida, mai araha, wanda ake samu a kasuwa, shi ne ya fi kowane cancantar a ce wa ɗalibai su saya, kuma abubuwan huɗu ma haka suke nunawa: aikin ƙirƙira ne, gaba ɗayansa ake karantawa, kasuwarsa kuma ɗaliban ne.

A aikace, kafin ki kunna na'urar sikanin, ki fara duba ko jami'a ta riga ta biya kuɗin abin da malamin ke so. Sau da yawa maƙalar tana cikin JSTOR ko wata taska da kuke da rajista, ko a shirin Research4Life da ke sauƙaƙa wa ƙasashe masu tasowa samun mujallun bincike, ko kuma a buɗe take kyauta a AJOL, taskar mujallun bincike na Afirka a intanet, ko tana ɗauke da lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa izinin amfani da ita bisa wasu sharuɗɗa. A irin wannan hali ki sa mahaɗin da zai kai ɗalibi can, kada ki sauke ki sake ɗorawa, domin mahaɗi ba kwafi ba ne, kuma yana sa ƙididdigar amfani da taskar ta hau, wadda da ita shugabanku zai kare kuɗin rajista a shekara mai zuwa. Ki karanta yarjejeniyar kowace taska, domin wasu sun yarda a sa maƙalunsu a ajiyar kwas, wasu sun hana, kuma ko da kina ganin doka na bayanki, kamfanin na iya rufe wa jami'a gaba ɗaya ƙofa rana ɗaya idan ya ga ana saukar da kaya ba ƙaƙƙautawa.

Idan babu makawa sai an yi sikanin, to ya kasance daga kwafin da laburare ko malamin ya mallaka ta halastacciyar hanya, ba daga fayil ɗin da aka sauko daga shafukan satar littattafai ba. Ki sa malamin ya cike gajeriyar takarda da ke nuna sunan kwas, da yawan ɗalibai, da shafukan da yake so, da dalilin da ya sa waɗannan shafuka yake buƙata ba ƙasa da su ba. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da ban mamaki: rabin masu neman babi uku, idan aka ce su rubuta dalili, sai su gano shafi goma sha biyar ya ishe su. Ki haɗa shafin da ke ɗauke da sunan marubuci da mawallafi da shekarar bugu a gaban kowane fayil, ki rubuta a kansa cewa don ɗaliban wannan kwas ne kaɗai. A ɗora shi a Moodle ko duk manhajar da kuke amfani da ita, inda sai wanda ya yi rajistar kwas ɗin zai iya shiga, a kuma sauke shi idan zangon ya ƙare. Idan malami ya dawo shekara bayan shekara yana neman babi iri ɗaya ga ɗaruruwan ɗalibai, wannan alama ce cewa lokacin neman izini ko sayen kwafi da yawa ya yi. Kada kuma kuɗi ya shiga tsakani ko ta wace fuska, domin da zarar an mayar da abin handawut na sayarwa, kariyar da manufar ilimi ta ba ku ta tafi, kun koma sahun Kinko's.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa tsohon littafi, ko wanda ya ƙare a kasuwa, ba shi da mai shi. A Najeriya kariyar aikin rubutu tana ɗorewa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka littattafansa, duk da cewa wasu sun fito tun shekarun 1930, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2051. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da na Nana Asma'u, sun daɗe da zama na kowa, amma fassarar da wani malami ya yi musu a zamanin nan, da gabatarwarsa da sharhinsa, nasa ne. Ƙarewar littafi a kasuwa ba ta kashe haƙƙi, sai dai tana ƙarfafa hujjarki a abu na huɗu, tunda babu cinikin da kika hana, kuma a irin wannan hali wasiƙa ɗaya zuwa ga marubucin ko magadansa takan wadatar. Yawancin marubutan ilimi da na rubuta wa sun amsa da murna, sharaɗinsu kawai a ambaci sunansu.

Abin da zai fi ba ki wahala ba dokar ba ce, ranar da farfesa zai aiko ɗan aike da littafi mai shafi 600 da saƙon cewa a ɗora kafin Litinin. Kada ki aika masa da a'a ta bakin ɗan aiken. Ki je ofishinsa da kanki da takardar manufar jami'a a hannu, ki gaishe shi, ki ce: Farfesa, babi na huɗu zai hau yau in Allah ya so, sauran kuma mun ajiye kwafi biyu a kantar bayan tebur, mun kuma rubuta wa mawallafin, sannan ga wasu maƙaloli uku da ke buɗe a kan wannan batu ko za ka duba. Ki rubuta ranar da abin da kuka tsayar a takardar kwas ɗin, ku sa hannu ku biyu, ki ajiye ta a fayil ɗin zangon.